Uwar Maguna, Wadda Ta Riƙe Mana Baba da Kyanwarsa

Kafin masu shago su ɗaga ƙofofinsu ita ta riga ta fito. Baƙar jaka a kafaɗa, takalmin roba da ya ga jiya ya ga yau a ƙafa, tana tafe tana ɗan ɗingishi saboda gwiwar hagu da ta daɗe da yi mata tawaye. A asibitin dabbobi take aiki. Ita ke share ɗakin jira, ta wanke kejuna, ta leƙa dabbobin da suka kwana, sannan ta ɗauki magani daga firji ta zuba a 'yar kula mai ƙanƙara ta shiga gida gida. Ba likita ba ce, kuma ko da wasa ka kira ta haka sai ta gyara maka. Mataimakiya ce. Ita ke riƙe dabba idan za a yi mata allura, ita ke shan cizo da yaƙushi, ita ke goge abin da aka ɓata a ƙasa. Bayan hannuwanta duk tabo ne, sabo a kan tsoho. Don tsokana mutanen unguwa suka laƙaba mata Uwar Maguna, ita kuwa ta karɓa hannu bibbiyu, har yanzu da wuya ka samu wanda ya san sunanta na yanka.

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na san ba za a kafa rumfa ba, ba wanda zai yi jawabi. Za ta miƙa makulli ne kawai ta rataya jakarta ta fita. Shi ya sa na ce bari ni in faɗa, ko da zuciyata ba daɗi, domin tafiyarta ta fi shafar gidanmu fiye da asibitin.

Mahaifina yana da ciwon suga, yana kuma da taurin kai, kuma na biyun ya fi na farkon haɗari. Tun da Mama ta rasu ya ƙi barin gidan. Ni da yayana mun yi lallashi, mun yi faɗa, ni har kuka na yi, ya ce inda ta bar shi nan za a zo a ɗauke shi. Allurarsa sai ya ga dama yake yi. Abinci kuwa wata rana ya wuni da shayi mai zaƙi kamar zuma, wata rana ya wuni bai sa komai a baki ba. Likitansa bai ɓoye mana ba, ya ce idan aka ci gaba a haka to ko ido, ko ƙafa, ko ran gaba ɗaya. Baba ya ji, ya gyaɗa kai, ya tambayi likitan lafiyar iyalinsa, muka dawo gida ya ci gaba da abinsa.

Abu ɗaya ya rage da yake tashi dominsa, kyanwar Mama. Toka muke kiranta saboda launinta. Mafarauciya ce ta gaske. Akwai injin niƙa a bayan gidanmu, can take wuni, ɓeraye da ƙadangaru sun san ta sarai. Sai muka lura ta fara ramewa alhali tana ci kamar gara, tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ko'ina. Na kai ta asibitin dabbobi aka ɗebi jini, likita ya ce ciwon suga ne. Da na dawo na faɗa wa Baba sai ya yi dariya, dariyar da rabona da jin ta tun kafin rasuwar.

"Ashe abin gadon gida ne," in ji shi.

Likitan ya yi mana bayani dalla-dalla. Allura safe da yamma, kuma sai ta ci abinci. Nama da kifi za a ba ta, ban da shinkafa, ban da burodi. Ya ce abin da ya fi sauƙi shi ne a tsare ta a ɗaki, a san abin da ke shiga cikinta. Muka gwada. Toka ta dinga kuka tana kartar ƙofa har faratanta suka yi jini, ta juya wa kwano baya. Ana cikin haka Baba ya tashi da sandarsa ya buɗe mata.

"Ni kun ɗaure ni da dokoki na yi shiru," ya ce da ni. "Ita me ta yi muku?"

Da na koma na faɗa wa likita, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce zai turo mana mataimakiyarsa. Haka Uwar Maguna ta shigo gidanmu.

Wanda bai taɓa jinyar mafarauciya ba ba zai gane wahalar ba. Kyanwar da ke zaune a ɗaki ka san cikinta, kai ka zuba, kai ka gani. Wadda ke fita kuwa tana da wani kicin da ba ka da makullinsa. Yau ta kama ɓeraye ta ƙoshi, gobe ta wuni tana gudu ba ta kama ko fara ba, allurar kuwa ita ce dai ta jiya. Idan ta dawo ta kau da kai daga kwano, ba ka san ƙoshi ne ko ciwo ba. Ka yi mata allura cikinta wayam, sugan ya faɗi ƙasa, ta fara tangaɗi, wataƙila a bayan wata katanga inda ba mai ganinta. Ka ƙi yi mata kuma ciwon ya ci gaba da cin ta. Kullum a tsakanin tsoro biyu kake.

Uwar Maguna ba ta zo da surutu ba. Takan durƙusa da gwiwar nan tata mai ciwo, ta shafa cikin Toka, ta buɗe bakinta ta sansana, ta duba gashin baki ko da jini. Daga nan ta zagaya bayan tankin ruwa, inda Toka ke ajiye ragowar farautarta, ta tona da tsinke ta ga wutsiya ce ko gashin tsuntsu, na yau ne ko na jiya. Idan abin ya shige mata duhu ba ta yin gaban kanta, sai ta kira likita a waya ya faɗa mata a rage ko a fasa. Ta ajiye 'yar kwalbar zuma a kan taga, ta nuna mana yadda ake shafa wa kyanwa a dasashi idan aka ga tana layi, kafin a ruga da ita asibiti.

Duk da haka gwajin jini bai daidaita ba. Sai ta ce akwai wanda ke ciyar da kyanwar nan bayan mu. Ta ɗaura zaninta ta bi Toka a ƙafa, mace mai jikoki tana leƙa lunguna a bayan mage, yara na dariya, manya na girgiza kai. Mai shayin bakin titi shi ya ba ni labari da bakinsa. Ya ce yana cikin zuba wa Toka burodi jiƙe da madara a murfin gwangwani, kamar yadda ya saba tun Mama na da rai, sai ya ji mutum tsaye a kansa.

"Na ce mata, Inna, ai lada nake nema, dubi yadda ta rame," in ji shi. "Sai ta ce, ɗana, ladan naka ne ke ramar da ita. In kana son ta, ka ba ta ruwa ka kore ta. Wallahi sai da na ji kunya kamar an kama ni da sata."

Haka ta yi da matar maƙwabcinmu mai zuba mata ragowar shinkafa. Haka ta je wurin mai injin niƙa ta roƙe shi ya daina sa guba, ta kawo masa tarkuna ta ɗana masa da hannunta, ta riƙa biyowa tana dubawa har ya saba. Na taɓa tambayarta ko ba za a rataya wa Toka ƙararrawa a wuya ba don ta daina kama komai. Ta ce a bar ta.

"Ɓera nama ne, 'yata, na san yadda zan yi da shi. Ni burodin mutanen kirki nake tsoro."

Ke ce, Inna Uwar Maguna, kika buɗe firjinmu don ki ajiye maganin kyanwa kika ga na Baba a gefe ko buɗe shi ba a yi ba. Wani zai rufe firjin ya ce ba aikinsa ba ne, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ke ba ki yi wa'azi ba, ba ki kira ni kin kai ƙara ba. Kin dai tsaya da sirinji a hannu kina kallon Toka da ta maƙale a ƙarƙashin kujera.

"Baba, kyanwar nan taka ta raina ni," kika ce. "Gani take ita kaɗai ake zalunta a gidan nan. Da za ta ga ana yi wa wani, da ta saki jiki."

Baba ya kalle ki ta saman tabarau. Ba yaro ba ne, ya gane sarai.

"Wato ni za ki yi wa dabara."

"Ni na isa? Taimako nake nema."

Ya yi tsaki, ya ce a miƙo masa nasa. Kika juya baya ya yi allurarsa. Daga ranar aka koma kwano biyu, nasa a kan tebur, nata a ƙasa kusa da ƙafarsa. Aka daina shayi mai zaƙi domin wai kada Toka ta ga ana sha ta yi kwaɗayi. Ya koma ƙwai da wake da ganye, yana ci yana mita. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya faɗa masa, cikin alfahari, cewa shi fa sai ta ci yake ci. Mu mun ɗauka wasa ne, muna dariya. Kumburin ƙafarsa ya sauka, ya fara fita ƙofar gida. Na fara barci da wayata a kashe.

Ashe maganar nan da gaske yake yin ta. Wata safiya aka kawo wa asibitin kare da mota ta buge, Uwar Maguna ta makara. Toka kuwa ta sulale ta taga tun da sassafe ta tafi farautarta. Lokaci ya yi, Baba ya yi allurarsa kamar yadda ya saba, ya zauna da kwanonsa a rufe a gabansa yana jiran ta dawo. Ba ta dawo ba. Shi kuma bai buɗe kwanon ba.

Da Uwar Maguna ta iso ta yi sallama ba a amsa ba, ta tura ƙofa ta same shi ya zame a kujera, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, yana magana harshe na karyewa. Zumar kyanwar ta ɗauko daga taga ta riƙa ba shi kaɗan kaɗan tana kiran sunansa, ta leƙa ta ƙwala wa mai shayi kira, suka sa shi a mota. Ni a asibiti na same su. Raina ya ɓaci ƙwarai, tsoro kuma ya kama ni. Yayana ya bugo waya daga inda yake aiki yana faɗa, ya ce a bayar da kyanwar yau yau, tun da ta kusa kashe mana uba.

Uwar Maguna tana zaune a benci, takalminta ɗaya ya tsinke a hanya, ta ji duk abin da ake cewa. Ba ta kare kanta ba.

"Ba kyanwar ba ce, ni ce," ta ce da ni. "Ni na haɗa cikinsa da nata, ban yi tunanin ita tana da ƙafar fita ba. Ku bar ni in gyara. Amma in kuka raba shi da ita, ba allurar kaɗai zai daina ba."

Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki laifi a kansa da sauri haka ba, ba tare da an tuhume shi ba. Washegari ta zo da kafinta aka sa wa tagar raga. Toka ta koma kwana a ciki, ba a buɗe mata ƙofa sai kwanonin biyu sun zama wayam, da yamma kuma a kira ta da ƙarar cokali tun rana ba ta faɗi ba. Ta zaunar da Baba ta sa ya maimaita da bakinsa cewa in ya yi allura zai ci, ko Toka na nan ko ba ta nan. Ya maimaita yana hararar ta. Ita dai ba ta yarda da bakin ba, sai ta koma biyowa ta gidanmu kafin ta wuce asibiti, wanda ke nufin ƙarin tafiya a kan gwiwar da ko ta da ba ta iya ɗauka.

Haka aka ci wasu shekaru. Amma ciwon nan ba ya barin bashi, kuma Toka ta tsufa. Ƙafafunta na baya suka yi sanyi, ta koma takawa a kan dunduniya, hawa katanga ya gagare ta. Sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon ƙadangaru na wucewa ta gabanta, wutsiyarta kaɗai ke motsi. Daga baya likita ya ce ƙoda ma ta taɓu. Uwar Maguna ta riƙa dafa mata kifi tana murmushe shi da yatsu, tana ba ta a tafin hannu. Wata la'asar Baba ya sunkuya zai shafa ta a ƙarƙashin kujerarsa ya ji jikin ya sandare. Mai shayi ne ya haƙa rami a gindin katanga. Baba bai fito ba.

Da na zo da safe na tarar ya wanke kwanonin biyu ya kife su a kan tebur. Na dafa masa ƙwai ya ce ya ƙoshi. Na ɗauko allura ya ce in mayar.

"Baba, don Allah."

"Wa zan jira?" ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Kwanaki muna haka. In na matsa ya ɗan taɓa don in tafi, in na tafi ya ture. Ni yarinyar da ya goya yake gani, ya san zan yi kuka in gaji, ya san lokacin aiki zai yi in duba agogo. Ƙafar ta sake kumbura. Na fara tunanin abin da zan faɗa wa yayana.

A ƙa'ida aikin Uwar Maguna a gidanmu ya ƙare ranar da aka binne Toka. Ba dabba, ba dalili, asibiti bai aike ta ba. Sai ga ta da sassafe da ƙunshin abinci a leda. Ta gaishe shi, ta ja kujera ta zauna a gabansa, ta kwance ledar ta ajiye a cinya, ta naɗe hannu.

"Me ya kawo ki? Wadda kike jinya ai ta tafi."

"Karyawa na zo yi, Baba. Gidana ba kowa, abinci ba ya shiga."

"To ci mana."

"Sai ka ci."

Ya yi banza da ita. Duk unguwa an san tana fama da gyambon ciki, an san yadda yunwa ke murɗa ta, shi ma ya sani. Ina tsaye a ƙofar kicin ina kallo. Rana ta ɗaga, ta kira likita ta ce za ta makara, ta mayar da wayar jaka. Na ga gumi na tsattsafo mata a goshi, na ga ta dafe ciki ta saki. Baba yana satar kallonta yana kau da kai. Can da hantsi ya dubi ledar, ya dube ta.

"Ke dai muguwa ce," ya ce. "Miƙo min kwanon."

Tun daga ranar ba ta fasa ba. Kullum sai ta zo ta zauna, su karya tare, yana yi mata gorin cewa ta fi Toka naci, ita tana ba shi labarin karnukan mutane. Ba na cewa ya warke. Idonsa ɗaya ya tafi, kuma dariyar nan ba ta dawo ba. Amma yana nan da ransa, da ƙafafunsa biyu, kuma na san a hannun wa Allah Ya sa hakan.

Yanzu gwiwar ta ƙi gaba ɗaya. Ɗanta zai zo ya ɗauke ta ta koma wurinsa, gari mai nisa, inda za a duba ta. Ta daɗe tana ja masa rai, ni na san saboda wa, har ya kai ba ta iya hawa matakalar ƙofarmu sai an riƙe ta. Ranar da ta faɗa wa Baba ina wurin. Ya riƙa juya cokali a kwano.

"Baba, alkawari nake so ka yi min," ta ce. "In na tafi za ka ci gaba da ci, za ka ci gaba da allura."

"Tsoho da ƙarya ba kyau," ya ce. "Ba zan ɗauki abin da ban san zan iya ba. Na gobe dai zan ci, tun da kina nan."

Ta sunkuyar da kai. Ni na fita tsakar gida don kada su ga fuskata.

Inna, Uwar Maguna, mai durƙusawa inda wasu ke tsallakewa, mun gode. An aiko ki wurin kyanwa kika ga mutum. Ke ce kika bi lungu ana yi miki dariya, ke ce kika ce laifinki ne a ranar da kowa ke neman wanda zai ɗora wa, ke ce kika zauna da yunwa a gaban tsohon da ba ubanki ba. Ba mu da abin biyanki. Allah Ya ba ki lafiyar ƙafa, Ya sa inda za ki a samu mai zama da ke kamar yadda kika zauna da namu.

Ku kuma da kuke karantawa, ba sai kun iya allura ba. A layinku akwai wani tsoho ko wata tsohuwa da ke kife kwano ba wanda ya sani. Ku ɗauki abin karyawarku ku je ku zauna, kuma kada ku duba agogo. Ni na riga na nemi a canza mini lokacin aiki. Ranar da motar ɗanta za ta tashi, zan zo da ledata in ja kujerar nan in zauna a gabansa, in ce masa sai ya ci. Ban sani ba ko zai ce in miƙo kwanon.